Yadda Za Ka Bar Surukinka Ya Cinye Ka a Baje Kolin Wasanni na Guangzhou

Ɗana, ja kujera ka zauna. Idan kana neman 'yar mutane, uban kuma ya tsare ka da "zan duba" har ka fara jin kalmar a mafarki, to wahalarka ta ƙare yau. Hanyar da zan koya maka tabbatacciya ce, ba gyara, ba tangarɗa. Duk wanda ya bi ta ya ga sakamako da idonsa. Mutum ɗaya ne dai ya bi ta zuwa yanzu, amma fa ya gani.

Sunana Hajjo. Dogayen riguna nake sarowa a kasuwar Shahe ta Guangzhou in kai Kantin Kwari, tun gwiwoyina suna hawa bene ba tare da sun yi min ƙorafi ba. Wanda aka gwada hanyar a kansa ƙanina ne, Alhaji Ilu, mai sarin takalma. Wanda ya gwada kuwa Mas'udu ne, ejan da yake loda mana kaya a kwantena a nan Guangzhou. Bara na zo da Surayya, 'yar Alhajin, ta taya ni zaɓen kaya. Ni na zaɓi riguna, ita ta zaɓi mai lodin. Tun daga nan ake kai wa Alhaji magana yana cewa zai duba. Bana da ya zo sari sai ya ce to, zai duba yaron da idonsa.

Mas'udu sau ɗaya yake zuwa gida a shekara. In Alhaji ya hau jirgi bai ce a turo ba, sai wata shekarar, in da rai, in kuma Surayya ba ta gaji ba. Ta ce min ba za ta gaji ba, amma da irin muryar da baƙo yake cewa ya ƙoshi.

Ga matakan. Ka bi su a jere, kada ka yi min tsallake.

Mataki na ɗaya: Gano inda zuciyar surukin take kwana

Kowane dattijo yana da ƙofar baya. Wani shayi, wani siyasa, wani a yaba masa mota. Ƙofar Alhaji Ilu dara ce. A ƙofar gidansa a Gwammaja sai da abokai suka daina zama da shi, don ba a cinye shi, kuma in ya cinye ka sai ya bi ka har bakin masallaci yana yi maka bayanin inda ka yi kuskure. Da ya kwana biyu a Guangzhou ba dara, na shiga ɗakinsa a otal na tarar ya jera ƙwallon dabino a kan gado yana wasa da kansa. Yana kuma ci.

Ana gobe za mu tashi Mas'udu ya ce min ana baje kolin wasannin tebur a wani ƙaton zaure a Pazhou. Nan take dabara ta sauko min. Binciken da na yi a rayuwa ya nuna cewa namijin da ya gama cin wasa, in ka roƙe shi hular kansa zai ba ka.

"Gwaggo, ni fa ko lido ban iya ba," in ji Mas'udu.

"Madalla. Wa ya neme ka da iyawa? Faɗuwa za ka je yi."

"In ya gane fa?"

"Ilu? In yana ci ko gobara ba ya ganewa."

Mataki na biyu: Kada kalmar wasa ta fito daga bakinka

Dattijo ba zai bi mai neman 'yarsa wajen wasa ba. Kai kuma ba ka da bakin gayyatarsa. Don haka ka nemi wata tsohuwa a dangin wadda ta girme shi, wadda ta taɓa goya shi, ta san ranar da ya daina fitsarin kwance. Irin wannan ba a yi mata musu.

Na ce, "Ilu, akwai baje koli a Pazhou, zo ka raka ni."

"Na me, Yaya?"

"Na katako da kwali."

Ka lura ban yi ƙarya ba. Wannan shi ne bambancin gwani da ɗan koyo.

Mataki na uku: Ka yi jagora daga baya

Kai ne ka san hanya, amma ba ka isa ka shiga gaban suruki ba. Ka bar shi ya wuce gaba da babbar rigarsa, ya nufi inda bai sani ba da ƙarfin gwiwa. In ya doshi jirgin da zai kai ku wani gari daban, kada ka ce masa ya ɓata. Ka juya wajen tsohuwar ka ce, "Gwaggo, da Baba zai yi hagu, ina ga kamar an fi iska a can."

Haka muka ratsa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa: Alhaji a gaba, ni a tsakiya ina isar da saƙo, Mas'udu a baya da jakata da lemar Alhaji da gorar ruwa. A cikin jirgin Alhaji ya waiwayo ya ce masa, "Ya aiki?" Yaron nan ya zube a ƙasa ya durƙusa yana amsawa. Wata 'yar China ta zaci suma ya yi, ta tashi ta ba shi kujera, ta ɗauko ɗan man shafawa mai yaji tana kai masa hanci. Kada ka damu da irin wannan. Suruki yana son ya ga jama'a sun damu da kai.

Mataki na huɗu: Zaɓi teburin da za a binne ka

Da aka duba fasfo ɗinmu muka shiga, Alhaji ya tsaya cak. Zaure ne da idonka ba ya kai wa ƙarshensa, tebur bayan tebur, manya da gemu da tabarau sun duƙufa a kan 'yan gidaje na kwali da dawakan katako. Wani saurayi ya wuce mu da fukafukai a bayansa. Wata da kunnen kyanwa a ka ta miƙa wa Alhaji takarda ta ce, "Nihawu, lawban," wato sannu maigida.

"Yaya, wannan wace irin kasuwa ce?"

"Ta katako da kwali. Ga su nan kana gani."

"Ba caca ba ce dai ko?"

"Ko sisi ba a ajiyewa. Hankali kawai ake asara."

Bakinsa yana istigfari, amma na ga yatsunsa suna motsi a gefen riga.

Yanzu ka buɗe ido, don ba kowane tebur ne naka ba. Akwai na tsofaffi masu jera duwatsu farare da baƙaƙe, ba mai tari a cikinsu. Ka janye surukinka daga nan, waɗannan za su yi masa wankin babban bargo a gabanka, kuma mutum ba ya yafe wa wanda ya ga ranar kunyarsa. Akwai wanda ake rufe ido, a zaɓi mugu a ɓoye, sannan kowa ya yi ta rantsuwa ba shi ba ne. Ka guje shi. In ka iya ƙarya ya gani, in ba ka iya ba ya ce ba za ka riƙe gida ba. Akwai kuma na sojojin roba, wanda ana fara shi da safe sai masu shara su tashe ku.

Ka nemi teburin da ba kowa. Mu mun samu na wata mata mai furfura a can lungu, ita ta ƙirƙiro wasanta da kanta, ta zauna tana jiran wanda zai kula ta. Kogi ne aka zana a kan allo, da kwalekwale biyu na katako, da 'yan ƙunshin kaya kamar ƙwayar gyaɗa: shinkafa, ganyen shayi, tangaran, alharini. Da Alhaji ya ga kaya da jirgi sai ya zauna ba a ce masa zauna ba.

"Kai," ya ce, yana duban bango, "zauna mana."

Mas'udu ya ɗosana a bakin kujera kamar an ce masa da wuta a tsakiyarta.

Mataki na biyar: Kada ka saurari ƙa'idar wasa

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan hanyar. Mai sauraron ƙa'ida mai niyyar ci ne, kuma niyya tana nunawa a fuska.

Matar ta riƙa yi wa wayarta Sinanci, wayar tana mayar mana da Turanci kamar mai mura. Mas'udu yana ɗan jin yaren, amma na wajen lodi ne: kwali nawa, yaushe, akwai, babu. Duk da haka na ga ya kasa kunne, sai na aike shi neman min kujera mai jingina. Alhaji kuwa ya ɗaga wa wayar hannu.

"Hajiya, wasa duk ɗaya ne. Na girmi wayar nan. A jera kawai."

Abin da muka tsinta shi ne, in layi ya zo kanka ka ɗauki ƙunshi ɗaya, ko ka ɗora wa kwalekwalenka, ko ka tura wa abokin wasa. An kuma ba kowa 'yan katuna jajaye, ba wanda ya tambayi amfaninsu. Alhaji ya yi fifita da nasa.

Mataki na shida: Duk abin da ya shigo hannunka, miƙa masa

Da hannu biyu, kai a sunkuye.

Mas'udu ya ɗauki shinkafa: "Baba, ga wannan." Ya ɗauki tangaran: "Baba, a ƙara da wannan." Alhaji ɗan dara ne, a wajensa duk abin da ya bar gaban abokin wasa ya dawo gabanka ci ne. Ya riƙa karɓa yana jerawa, nasa ma da ya ɗauka yana ɗorawa, har kayan suka yi tsiri kamar motar ƙauye ranar kasuwa. Kwalekwalen Mas'udu kuwa fayau, ko ɓera ba zai kwana a ciki ba.

Matar ta fara kaɗa hannu tana nuna katunan jajaye. "Meyo, meyo!" take cewa, wato babu, ko a'a, ko kada, duk da kalma ɗaya suke yi. Na ce mata shiyeshiye, mun gode, na dafa hannunta. Mutane suka fara taruwa suna ɗaga wayoyi. Wani mai tabarau ya dubi Mas'udu ya jinjina kai, irin jinjinar da ake yi wa mugun gwani.

Alhaji ya karkato wajena ya rage murya. "Yaya, yaron nan yana da tarbiyya. Wasa ne dai bai iya ba, Allah sarki."

Ɗana, a wannan lokacin har na fara tunanin kalar ankon biki.

Sai matar ta buɗe wani kati mai hoton hadari da igiyar ruwa. Ta dubi kwalekwalen Alhaji, ta dube shi da tausayi, ta sa ɗan yatsa ta kifar da shi. Shinkafa da alharini suka watse a kogi. Ta kaɗa 'yar ƙararrawa, ta kama hannun Mas'udu ta ɗaga sama, jama'a suka ɗauki tafi. Kafin ya ƙwace har ta maƙala masa wata lamba mai ƙyalli a ƙirji.

Wayar ta yi mana bayani da muryarta ta mura. Wanda ya isa gaɓa da kaya mafi yawa shi ya ci, amma in hadari ya taso, jirgin da ya yi nauyi nutsewa yake. Tura wa mutum kaya mugunta ce. Jan kati kuwa na cewa "ba na so" ne.

Wato tun da aka fara, yaron nan da ladabinsa da sunkuyar da kansa, nutsar da surukinsa yake yi da hannu biyu.

Mataki na bakwai: In ka ci bisa kuskure, kada ka yi numfashi da ƙarfi

Alhaji ya ture kujerarsa baya. Ya tashi ya ce azahar ta yi, ya nemi lungu bayan wasu kwalaye ya shimfiɗa darduma. Sallar ta yi tsawo.

"Gwaggo, kin kashe ni," in ji Mas'udu, yana kokawa da lambar, ita kuma ta ƙi fita.

"Kai dai ba ka da haƙuri. Duk cikin tsarin ne."

"Wane tsarin? Mutum ɗari sun ɗauke ni a waya ina kifar da Baba!"

"Ba kai ka kifar ba, matar ce. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani."

Wayata ta yi ƙara. Surayya ce, a Kano ko gari bai gama wayewa ba. "Gwaggo, ya ake ciki? Abba ya ce wani abu?"

"Ana kan aiki, 'yar nan. Babanki yana salla."

"Shi fa?"

"An ba shi lambar yabo."

Na sayo mana taliyar Musulmin China a ƙofar zauren. Alhaji ya cinye tasa tas. Mas'udu bai taɓa ba, don ba a cin abinci gaban suruki, cikinsa yana ta kiran sunan Allah. Da Alhaji ya goge baki sai ya ce, "A sake."

Mataki na takwas: Yanzu ka karɓi duk abin da ya ba ka

Tun da an gane ƙa'ida, sai ka juya dabarar. Na raɗa wa Mas'udu, "Kome ya turo, ka ce na gode." Ya tura jajayen katunansa ƙarƙashin cinya ya zauna a kansu.

Alhaji ya turo shinkafa. "Na gode, Baba." Ya turo tangaran. "Allah ya ƙara girma." Ya turo wani, ya turo wani. Kwalekwalen yaro ya fara tsiri. Komai yana tafiya yadda na tsara, sai na ga Alhaji ya ɗauki ƙunshi ya tsaya da shi a sama. Ya ajiye a gefe. Karo na farko tun da aka fara maganar auren nan, ya dubi Mas'udu ido cikin ido.

"Ina katunanka?"

"Suna nan, Baba."

"Ina?"

Yaro ya ɗaga cinya.

"Wato tausayina kake ji."

"A'a wallahi, Baba, ni dai..."

"Na yi kama da wanda ake bar wa wasa? Jikokina nake bar wa wasa, su ma in sun yi kuka." Ya sa hannu ya share allon gaba ɗaya. "Ɗazu ka nutsar da ni kana sunkuyar da kai, yanzu kana nutsar da kanka kana yi min godiya. To wanne ne kai a ciki? Mutumin da ban san wasansa ba, ta yaya zan san zamansa? Ka yi wasa tsakaninka da Allah, ko ka ɗauki jakar Yaya ka raka mu tasha mu yi sallama."

Mas'udu ya juyo ya dube ni. Na duba cikin jakata, don akwai wani abu da nake nema a lokacin.

Mataki na tara: Daga nan kai da Mahaliccinka

Gwanin gaskiya ya san inda iliminsa ya tsaya. Nawa a nan ya tsaya.

Aka sake jerawa. Alhaji ya turo shinkafa. Mas'udu ya ɗauki jan kati ya ajiye a tebur.

"Baba, a yi haƙuri. Ba na so."

Ni tun da nake ban taɓa jin mai neman aure ya faɗa wa uban yarinya haka ba. Sai da na riƙe kujera.

"Haka nake so," in ji Alhaji, ya gyara zama ya naɗe hannun riga.

Aka yi wasa na gaske. Wannan ya tura, wancan ya ƙi, wannan ya ɗauka, wancan ya yi ƙwafa. Alhaji ya manta da wa yake wasa har ya ce masa, "Kai ɗan nema!" Mas'udu ya manta shi ma har ya zauna a tsakiyar kujera. Jiragen biyu suka doshi gaɓa kusan kai ɗaya, kowanne da kaya daidai ƙarfinsa. Sai ƙunshin alharini ya faɗo hannun Alhaji, ja, mai ɗan zare na zinariya. Kowa a wajen ya san turawa ya kamata ya yi. Matar ta sani, mai tabarau ya sani, ni ma da ban iya ba na sani. Alhaji ya juya shi a tafin hannu.

"Ilu, tura masa," na ce.

"Yaya, alharini ne fa."

"Katako ne."

"Ni ban taɓa ganin kaya mai kyau na bar wa wani ba."

Ya ɗora. Hadari ya taso. Wannan karon matar ba ta ma sa yatsa ba, ta dai nuna masa, shi ya kifar da abinsa da kansa.

Mataki na goma: Yi shiru ka ji hukunci

Alhaji ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar. Ya daɗe yana kallon kogin nan na kwali. Mas'udu ya sauka daga kujera ya durƙusa, lambar tana ƙyalli a ƙirjinsa.

"Lawban," Alhaji ya ce da matar, yana nuna kwalin wasan, "ɗaure min ɗaya."

Ta ɗaure tana ta murna. Bai karɓa ba, ya juyo wajena.

"Yaya, ki gaya masa ya taho da wannan Kano a hannunsa. Kada ya sa min a kwantena."

"Ai ga shi nan yana jin ka."

"Ki dai gaya masa. Ya zo da kawunnansa, su je wajen ƙaninmu Sabiru a yi magana, shi ne waliyyi." Ya miƙe yana kaɗe riga. "Ba zan cinye baƙo a gidana a ce na ci zali ba. Ya zama ɗan gida tukuna, sannan in yi masa kaca-kaca."

Na gaya masa. Ka ga dai hanyar ta yi aiki, kamar yadda na yi alkawari tun farko.

Sanarwa

Ni Hajjo ba ni da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin waɗannan matakai. In surukinka ya nutse bai taso da fara'a ba, tsakaninku. In hotonka ya zaga wayoyin China kana durƙushe da lamba a ƙirji, ba ni na ɗauka ba. In aka ɗaura aure ka je gaida suruki da hantsi, ya rufe zaure ya ce a jera, aka kira magariba kana can, kada a aiko min. Har yau Alhaji bai cinye Mas'udu ba, kuma ya ce ba mai komawa Guangzhou sai ya rama.

Surayya ta kira ni tana faɗa, wai amarcinta ya ƙare a bakin kogin kwali, in koya mata hanyar ƙwato miji daga hannun uba. Na ce mata ta yi haƙuri, ni ba na shiga tsakanin mutum da surukinsa.